Wa Ka Gani a Bakin Layi?

Ban iya dambe ba, rabona da kokawa tun muna yara a dandali, kuma ba na yawo da wuƙa. Na fara da wannan ne saboda duk wanda ya ji cewa na yi shekaru ina ɗaukar kuɗin ciniki daga Kantin Kwari zuwa banki, wani lokaci a ƙafa wani lokaci a kan acaɓa, abin da yake fara tambayata shi ne me nake riƙewa. Wasu har rage murya suke yi su ce, "Don Allah wa ya haɗa maka?" Laya suke nufi, ko guru. Babu ko ɗaya. Bayan addu'a, abin da na dogara da shi lura ce, kuma ba da ita aka haife ni ba. Koya mini aka yi, da faɗa da naci, a shagon ƙanin mahaifiyata.

Kawu atamfa da shadda yake sayarwa, kuma a wancan zamani cinikin Kwari duk na tsabar kuɗi ne. Fatake za su zo daga Maraɗi da Damagaram da Cadi da arewacin Kamaru, kuɗinsu a ɗaure cikin tsumma ko a ƙasan buhu, su sayi kaya dila-dila, kafin azahar akwatin shago ya cika. Dole wani ya kai kuɗin nan banki kafin a rufe, sannu a hankali kuma aikin ya faɗo kaina. Amma Kawu bai danƙa mini ko sisi ba sai da ya gama gasa ni da wata tambaya guda. Duk inda ya aike ni, ko da sayen goro ne, in na dawo ba saƙon yake fara tambaya ba. Sai ya ce, "Kai, wa ka gani a bakin layi?" In na ce, "Mutane ne da yawa, Kawu," sai ransa ya ɓaci. "Mutane ba amsa ba ce. Mai rake yana nan? 'Yan dakon da ke zaune a gindin benen can duk ka san su, ko akwai baƙuwar fuska? Wanda ka wuce a tsaye da za ka tafi, da ka dawo yana nan ko ya gusa? Me ke hannunsa?"

Ba neman ɓarawo yake koya mini ba, domin ɓarawo ba shi da kamanni. Na ga an kama ɗan sane da babbar riga da carbi a hannu. Abin da Kawu yake so in haddace shi ne yadda layinmu yake a ranar da babu komai: wa ke buɗe shago da wuri, ina 'yan dako ke zama, yaushe mai fura ke wucewa, yaya hayaniyar kasuwa take da hantsi, yaya take bayan an fito daga salla. Wanda ya san wannan ba sai ya je neman abin tsoro ba, abin ne zai fito masa da kansa. A kasuwa kowa da abin da ya kawo shi, kuma idonsa yana faɗa. Mai saye kaya yake kallo. Dillali fuskar baƙi yake kallo don ya tare su da magana. Ɗan dako dila yake kallo. To wanda idonsa ke kan aljihu da jakar mutane, ba ya taya komai, ba ya gaisawa da kowa, ya zaga ya dawo ya sake zagawa, shi kaɗai ne ba shi da gurbi a wurin, kuma in ka saba da sauran ba zai ɓuya maka ba.

Rabin wannan ilimi ta hanyar gaisuwa na same shi. Kawu ya wajabta mini gaida duk wanda ke zaune a hanyata ta zuwa banki: mai shayi, mai gyaran takalmi, tsohuwar da ke sayar da gyaɗa, masu gadin manyan shaguna. Ladabi yana ciki, amma akwai abin da ya fi ladabi. Mutanen nan wuni suke yi a wuri ɗaya, ba abin da ke wuce su, kuma wanda kuka saba gaisawa yana jin nauyin ya ga abu ya yi maka shiru. Wata rana mai shayin ya yafuto ni, ya yi kamar zai miƙo mini canji, ya ce ƙasa-ƙasa, "Yaron Alhaji, yau ka bi ta gaba. Akwai wasu yara tun hantsi a bakin lungun nan, ba 'yan nan ba ne." Na bi ta gaba. Sauran dabarun Kawu ƙanana ne. Kada a fita lokaci guda kullum, kada a bi hanya guda kullum, kuɗi ya shiga baƙar leda a ƙarƙashin ragowar yadi, kada a yi zancen fitar a gaban baƙo. In kuma ka ji ana bin ka, ka waiwaya ka dubi mutum ka ce masa sannu, ya san an gan shi.

Wannan lura ta Kwari ba ta taɓa hana ni dariya ko barci ba. Wata iri daban ce ta shige ni daga yammacin Juma'a, 20 ga Janairu 2012, lokacin da bama-bamai suka yi ta tashi a ofisoshin 'yan sanda da na shige da fice a cikin Kano, aka kashe fiye da mutum 180, aka sa dokar hana fita. Shekara na zagayowa, ranar 19 ga Janairu 2013, 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin Sarki Ado Bayero wuta, kwanaki kaɗan bayan haka gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja. Sannan ga 28 ga Nuwamba 2014, daidai lokacin sallar Juma'a a babban masallacin cikin gari, jikin gidan Sarki, inda aka rasa fiye da mutum 100. Ba na masallacin ran nan, amma da ni aka kai wanda muka yi makarantar allo tare makwancinsa.

Abin da zan faɗa yanzu, kafin yau matata kaɗai ta san shi. A waɗannan shekaru na daina shiga sahun gaba. Kusa da ƙofa nake zama, liman yana huɗuba ni kuwa idona na kan rigunan mutane: ta wa ce ta yi tudu a ƙirji, wa ya shigo da jaka, wa ke gumi alhali ana sanyi. In yaro ya fasa leda a bayana sai in ji gwiwoyina sun saki. In mota ta daɗe a fake kusa da shago, ba ni da sauran nutsuwar ciniki har sai an ɗauke ta. Kullum da ciwon kai nake komawa gida, ina yi wa yara tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. A cikin wannan hali ne, ina ganin ba wanda ya kai ni sa ido, aka zare mini waya daga aljihun gaba a cunkoson kasuwa ban ji ba, abin da bai taɓa samuna ba ina yaron shago. Idon da ke zargin kowa ba ya iya ware kowa, kuma kafin azahar ya gaji.

Wanda ya kwance mini wannan ƙulli mai gadin layinmu ne na unguwa, wani dattijon Buzu daga wajen Agadas da ya daɗe a Kano. Kullum yana kishingiɗe a tabarma, rawani ya rufe rabin fuskarsa, yana dafa shayi a 'yar butarsa kan gawayi. In ka gan shi sai ka ce gyangyaɗi yake yi. Amma ya san motar kowane gida da ƙararta, ya san yaron da ke dawowa da dare, ya san ranar da wani ya zo ya tsaya a gindin fitila yana latsa waya bai ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. Wani dare barci ya ƙi zuwa, na fito na zauna wurinsa, na tambaye shi yadda yake yi ba ya gajiya. Ya zuba mini shayi ya ce, "Maigida, ni ba duniya nake gadi ba. Layina na sani. In wani abu ya sauya, shi ne zai tashe ni." Ya nuna mini kuma dalilin da ya sa ya shimfiɗa tabarmarsa a nan ba a can ba: bango na bayansa, bakin layin duka biyu na gabansa. Ya ce in ka zaɓi wurin zama da kyau, ka gama rabin gadi, sauran hutawa ce.

Daga nan na sake tsara kaina. In na shiga wuri, masallaci ne ko banki ko tasha ko ɗakin taron biki, kallo ɗaya nake yi: ina ɗaya ƙofar take, su wa ke nan, hankalinsu a kwance yake ko kuwa. In na gama sai in saki jiki in yi abin da ya kawo ni. Tattara hankali gaba ɗaya na bar wa wurare kaɗan, inda mutum ke tsakanin wani hali da wani: fitowa daga banki ko daga wurin mai POS, tsayuwa a danja gilashi a sauke, hawa da saukar abin hawa, buɗe ƙyauren gida da dare. A irin waɗannan gaɓoɓi ne hannu ke shagala da makulli ko canji, kuma mai jiran ka ya san da haka. Ban daɗe da fara wannan ba na koma sahun gaba.

Hankalin mutum ba ya rabuwa biyu yadda muke ɗauka. A 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun yi wani gwaji a Jami'ar Harvard ta Amurka. Sun nuna wa mutane bidiyon 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallon kwando, suka ce a ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa wa juna. Ana cikin haka sai ga wani ya ratsa tsakiyar 'yan wasan sanye da kayan goggon biri. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba sam, alhali idonsu na kan hoton, saboda hankalinsu yana wurin ƙirge. Wannan gwaji nake tunawa duk lokacin da na ga saurayi yana tafe a gefen titi bayan magariba, iyafis a kunne, hasken waya a fuskarsa. Ya toshe kunnen da zai ji babur ya rage gudu a bayansa. Ya cika idonsa da haske har duhun da ke gefensa ya ƙara duhu. Ya kuma ɗaga wa mai nema abin da ya fito nema. Ga shi ya wuce mai shayi da mai gadi bai gaida kowa ba, saboda haka ba mai yafuto shi.

Kuɗin da nake ɗauka a leda a da, yanzu cikin waya yake, musamman tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 da ya tilasta wa har mai kayan miya karɓar taransifa. Wannan ya ƙara wa waya daraja a idon mai ƙwace, domin bayan kuɗin sayar da ita akwai abin da zai iya kwashewa ta layin da ke ciki. Hukuma ta yi nata yunƙurin. A Yulin 2022 an hana adaidaita sahu aiki a Kano daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, a 2023 kuma majalisar tsaron jiha ta ce a riƙa ɗaukar ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Amma fasinjan da ke tsaye a bakin titi da magariba, shi kaɗai ne zai yanke shawarar shiga ko ƙin shiga, kuma 'yan daƙiƙoƙi gare shi.

A nan ne wahalar gaskiya take. Sau da yawa mun gani sarai, ƙafarmu ce take ƙin bin abin da ido ya faɗa, kuma tarbiyyarmu ce ke riƙe ta. Da kunya da kara aka rene mu. An ce mana zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. An koya mana girmama baƙo, an hana mu yi wa mutum kallon tuhuma, an hana mu ƙin amsa wanda ya yi mana sallama. Ina alfahari da waɗannan ɗabi'u, da su kuma nake renon 'ya'yana. Sai dai macuci ma a cikinsu ya tashi, ya san su ciki da bai, kuma su ne kayan aikinsa. Shi ya sa da sallama yake farawa. Shi ya sa yake cewa, "Baba, don Allah ƙarfe nawa?" don ka ciro waya, ko ya ce, "Taimaka mini in kira gida, mahaifiyata ce ba lafiya." In kuma ya ga ka yi turus, sai ya jefo babbar: "Haba Alhaji, ɓarayi ka ɗauke mu?" Ya san wannan magana za ta iya sa dattijo ya shiga inda zuciyarsa ta hana shi, don kawai kada a ce ya wulaƙanta mutane.

Ni ma an faɗa mini ita. Wata magariba na taso daga kasuwa, sai ga adaidaita ya tsaya a gabana ban tsayar da shi ba. Samari biyu a baya, ɗaya a gaba kusa da direba. Ina matsowa na bakin ƙofa ya sauko ya ce in shiga, wato in zauna a tsakiya ke nan, alhali bai ce ya kusa sauka ba. Labule a sake, ba ruwa ba ƙura. Kuma ba wanda ya tambaye ni inda za ni. Wannan na ƙarshen ne ya fi tsaya mini a rai, domin direban da ya fito neman kuɗin mai da na balas, abin da yake fara tambaya ke nan. Na ja da baya na ce, "Ku je kawai, ba yanzu zan tafi ba." Direban ya ɗaga murya yadda na kusa za su ji, ya faɗi maganar nan. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka ɗauki zafi. Na ce, "Ku yi haƙuri, a sauka lafiya," na koma na tsaya kusa da mai lemo da fitilarsa har wani ya zo mai ɗauke da mata da yara.

Mai yiwuwa yaran kirki ne. Irin wannan kaucewa ba ta zuwa da shaida, in ka kauce ba abin da ke faruwa, kuma ba mai zuwa ya ce maka ka yi daidai. Maganar zato zunubi ta daɗe tana ci mini rai, har na kai ta gaban malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa. Ya saurare ni ya ce, "Zaton da aka hana shi ne ka yanke wa mutum hukunci a zuciyarka, ka yaɗa, ka ɓata masa suna ko ka cutar da shi a kan abin da ba ka tabbatar ba. Ka kira su ɓarayi?" Na ce, "A'a, Allah gafarta Malam." Ya ce, "Ka tara musu jama'a?" Na ce a'a. Ya ce, "To kujera ce ka ƙi zama, kuma ba wanda ke bin ka bashin zama." Lissafin ma a fili yake. In yaran kirki ne, abin da suka rasa kuɗin motar mutum ɗaya. In ba na kirki ba ne kuma na shiga, abin da zan rasa wataƙila ba ya dawowa.

Tambayoyin nan biyu na Malam ina riƙe da su ƙam, domin akwai lurar da ke rikiɗewa ta zama zalunci. A watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, an tare mafarauta da ke kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin salla a gida, aka ga bindigogin farautarsu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taron jama'a ya kashe mutum 16. Waɗanda suka fara tare motar, a ganinsu sa ido suke yi. Mu ma a nan mun san abin da ihun "ɓarawo" yake jawowa a kasuwa kafin a tambayi kowa komai. Saboda haka na yi wa kaina iyaka: abin da zato ya ba ni izni shi ne in janye jikina, in kuma abin ya girma in sanar da mai unguwa ko 'yan sanda. Bakina da hannuna sai da tabbaci.

Ga 'ya mace kunyar nan ninki biyu ce, domin ita har sassauta murya an koya mata. Lokacin da babbar 'yata, Ummi, mai sunan mahaifiyata, ta fara zuwa makarantar gaba da sakandare ita kaɗai a adaidaita, na zaunar da ita gaban mahaifiyarta. Na ce, "Ummi, in ranki bai kwanta da abin hawa ba, ko kika ga an sauya hanya ba a tambaye ki ba, ki ce a tsaya a inda jama'a suke, ki biya kuɗin duka, ba sai kin yi wa kowa bayani ba. In wani ya ce ki raka shi ki nuna masa gida, ki nuna masa babban namiji da ke kusa ya tambaya. In kika ga ana bin ki, kada ki nufo gida ta lungu. Ki shiga kemis ko shago ko gidan da kika ji muryar mata, ki kira ni." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Abba, in kuma mutumin kirki ne fa? Zai ce ba ni da tarbiyya." Na ce, "Mutumin kirki yana da 'ya ko ƙanwa, zai gane. Wanda kika ce wa a'a ya ci gaba da naci, nacin nan ya ishe ki amsa." Mahaifiyarta ce ta lura da abin da ni ban hango ba, cewa yarinyar ba ta taɓa ɗaga wa namiji babba murya ba a rayuwarta, kuma ba ranar tsoro ce za ta fara ba. Sai ta sa ta a tsakar gida tana maimaitawa, "Malam, tsaya nan zan sauka!" har muryar ta daina rawa, ta fito yadda na waje zai ji.

In kuwa an riga an zare wuƙa, lokacin dabara ya wuce, a miƙa. Wani ɗalibi a unguwarmu an tare shi da asuba, ya riƙe wayarsa gam saboda da bashi ya saye ta, suka soke shi a cinya. Ya rayu, amma har yau yana ɗingishi. Abin da ke hana hannu saki a irin wannan lokaci shi ne tunanin abin da ke cikin wayar, don haka tun a gida ake shirin sakinta. A sa wa layin kansa lambar sirri, ban da ta buɗe waya, yadda ko an cire shi an sa a wata wayar ba zai yi aiki ba. Kada a ajiye lambobin sirrin banki a cikin saƙonni. A danna *#06# a kwafe lambar da ta fito a takarda a adana, ita ce shaidar wayar in an je wurin 'yan sanda. A san yadda ake rufe asusu daga wayar wani, a kuma haddace lambar wani na gida. Wanda ya yi wannan ya san abin da zai rasa ƙarfe ne da gilashi, hannunsa zai fi saurin buɗewa.

Akwai kuma iyakar da lura ba ta ƙetarewa, kuma rashin adalci ne a ɓoye ta. Waɗanda suka hau jirgin ƙasa daga Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 su ne ma masu taka-tsantsan. Titin suka guje wa saboda masu garkuwa da mutane, suka bi hanyar da kowa ya yarda ta fi aminci. Aka dasa bam a kan layin dogo, aka kashe wasu, aka shiga daji da fiye da mutum 60, na ƙarshensu ba su fito ba sai a watan Oktoba. Wane kallo ne da sun yi zai cece su? Manomin Zamfara ko Katsina da ake ɗauka a gonarsa ya fi ni sanin wurinsa nesa ba kusa ba. Fitilun titi da ba sa ci, kiran neman ɗauki da ba a amsawa, samarin da suka tashi ba makaranta ba sana'a sai ƙwaya, waɗannan ba idon mutum ɗaya ne zai gyara su ba, kuma raina yana ɓaci in na ji mai riƙe da hukuma ya taƙaita magana a kan cewa kowa ya kula da kansa.

Saboda haka in na je duba wanda aka yi wa ƙwace, ba na tambayarsa me ya fitar da shi a wannan lokaci, ko me ya sa ya ciro waya a titi. Na ji ana yi wa ɗalibin nan waɗannan tambayoyi yana kwance a gadon asibiti, mahaifiyarsa na zaune a gefe. Masallaci fa za shi. Bayan an sallamo shi muka zauna da mai unguwa da magidantan layi, aka yi karo-karo aka sa fitilu masu aiki da hasken rana a hanyar masallacin, aka kuma tsara cewa masu fita asuba daga ƙarshen layi su riƙa ƙwanƙwasa wa juna ƙofa su tafi tare. Ni nake tashin gidajen da ke kusa da nawa. Batirin fitilar da ke bakin kwana ya mutu a daminar bana, kuma yanzu haka muna bi gida-gida muna karɓar kuɗin sabo.